Hurumin Kogin Challawa

Matanin laccar da aka gabatar a Na'ibawa, Kano

     

Maganar da nake tafe da ita a kan wani yanki ne na ƙasa wanda galibinmu muke ratsawa safe da yamma, wasu a mota wasu a Adaidaita Sahu, ba tare da mun ɗaga kai mun dube shi ba: wato fadamar nan da ta faro daga bayan unguwanninmu na kudancin birni, ta bi gefen rafin Tatsawarki da na Salanta, ta ratsa ƙasar Kumbotso, har ta je ta sadu da Kogin Challawa a wajajen Tamburawa. Wanda ya tashi daga tashar Na'ibawa ya kama hanyar Zariya, ba da jimawa ba zai hau gadar Tamburawa, idan kuwa ya waiga dama da hauni a daidai nan, to, ya ga mafi yawan abin da ya rage mana na buɗaɗɗen fili mai dausayi a wannan nahiya ta birni. Ra'ayina, wanda zan kafa wa hujja gwargwadon iko, shi ne ya wajaba a shata wa wannan yanki iyaka a mai da shi hurumi, ba a yanka shi fuloti, ba a zuba masa dafi, tun kafin tifofi su gama cike shi.

Mu fara da tunawa cewa a bakin dausayi aka kafa Kano. Tarihin sarakunanta ya ambaci kurmin Jakara tun zamanin Barbushe, gabanin zuwan Bagauda, kurmi mai duhuwa da baƙin ruwa wanda mutanen Dala suke tsoro suke girmamawa. Kuma a gefensa ne Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya kafa kasuwar da har yau muke kira Kurmi. Turawan nan biyu masu yawon duniya, Kilafaton da ya zo a 1824 da Barth da ya zo a 1851, kowannensu ya rubuta labarin fadamar da ta raba birni biyu, a lokacin da Barth ya ƙiyasta mazauna garin ba su wuce 30,000 ba. Ban da Jakara kuma akwai kududdufai birjik, waɗanda asalinsu ramuka ne da aka haƙa don ɗibar ƙasar gina ganuwa da gidaje, suka zama matattarar ruwan damina, kowace unguwa da nata. Ba zan ɓoye muku cewa kududdufan nan sun haifi sauro da wari ba, musamman bayan da aka mai da su juji. Amma maganin tafkin da ya ƙazantu shi ne a yashe shi a tsare shi. Da muka zaɓi mu binne su ɗaya bayan ɗaya, da shara tukuna sannan da jar ƙasa sannan da bulo, ruwan Agusta bai fasa zuwa ba, sai dai ya rasa masaukinsa na da, ya nemi wani a tsakar gidajen mutane. Jakara ita kanta a yau cikin kwatar siminti take gudu. Wannan babi an rufe shi a cikin birni, kuma ba na zaton akwai mai iya buɗe shi. A nan kudu ne ƙofa take a buɗe har yanzu.

Yadda birnin ya tumbatsa kuwa, lissafi ɗaya ya isa shaida. A ƙidayar 1952 mutanen Kano da kewayenta na kusa kimanin 130,000 ne. A ƙidayar 2006 ƙaramar hukumar Kumbotso ita kaɗai ta ba da kimanin 295,000, wato fiye da ninki biyu na Kanon da iyayenmu suka sani, alhali dattawan da ke zaune a nan suna tuna lokacin da Na'ibawa gonakin dawa ne da itatuwan ɗorawa, babu 'Yan Katako babu 'Yan Lemo. Tare da yawan jama'a sai masana'antu suka zo: Bompai ita ce ta fari, tun ƙarshen zamanin Turawa, sannan Sharaɗa, sannan Challawa ta wajen Fanshekara. Shi kuwa birnin Kano a kan doron tudu yake zaune, saboda haka ruwansa ya rabu biyu. Na arewa, da abin da Bompai take fitarwa, yana bin rafin Getsi ya shiga Jakara ya taru a dam ɗin Wasai ta ƙasar Minjibir. Na kudu, da abin da Sharaɗa take fitarwa, da ruwan kwatamin Gandun Albasa da Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni da namu na Na'ibawa, yana bin Tatsawarki da Salanta ya faɗa Challawa, inda ya tarar masana'antun Challawa sun riga sun zuba nasu ta sama.

A nan ina so in tsaya kaɗan a kan jima, domin ita ce sana'ar da ta fi kowace nauyi a kan wannan kogi, kuma ita ce wadda ba na so a fahimce ni a karkace game da ita. Fatar jar akuyar ƙasar Hausa ta yi suna tun zamanin da ayari ke ƙetare Sahara da ita, har Turawa suka riƙa kiran ta fatar Maroko saboda ta can take isa gare su; kuma har yau kamfanonin fata na Kano suna ciyar da dubban gidaje, suna kawo wa ƙasa kuɗin waje. Majemin gargajiya, irin waɗanda har yanzu suke aiki a Majema ta Ƙofar Wambai, da toka yake cire gashi, da bagaruwa yake jeme fata, abubuwan da daga ƙasa suka fito, kuma idan suka koma mata sai su ruɓe. Jima ta zamani kuwa da farar ƙasa da wani sinadari mai warin ruɓaɓɓen ƙwai ake zubar da gashi, sannan a juya fatun cikin manyan ganguna da gishirin kuromiyam har su fito shuɗi-shuɗi. Fata ba ta shanye wannan gishiri duka, abin da ya kai sulusi yakan fita tare da ruwan wanki. Kuromiyam ƙarfe ne, ƙarfe kuwa ba ya ruɓewa. Duk inda ya kwanta a cikin laka, nan zai zauna bayan mun mutu da mu da 'ya'yanmu.

Duk wanda yake so ya ga ma'anar wannan da idonsa, ya je bakin Salanta da sanyin safiya a watan Janairu. Zai tarar da mai lambu ya girka injinsa a gaɓa, ya jefa tiyo cikin ruwan da yau yake baƙi ƙirin, gobe ja-ja, jibi shuɗi, da farin kumfa yana yawo a kansa. Ya naɗe wando zuwa gwiwa, ƙafa ba takalmi, yana karya ruwa da fartanya daga wannan fangali zuwa wancan, ƙaurinsa duk ya yi fari ya tsattsage. Latas ɗinsa kuwa kore shar, alayyahonsa ganye fala-fala, domin ruwan kwata yana ɗauke da taki, kuma wannan ne ya sa yake ƙaunarsa. Kafin azahar kayan nan sun isa kasuwa, kafin magariba suna cikin miyar wani. Masana na Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello sun sha auna ƙasa da ganyen lambunan da ke gefen waɗannan rafuka, sun kuma sha samun kuromiyam da dalma da makamantansu a ciki. Wannan bawan Allah ba shi ya zuba su ba; ruwan da kakansa ya sha da tafin hannu ne aka sauya masa, ba a nemi shawararsa ba.

Allah Ya gafarta malam, ku kuka karantar da mu tun muna kan Ahalari da Ishmawi cewa ana gane ruwa mai tsarki da siffofi uku, launinsa da ɗanɗanonsa da ƙamshinsa, kuma idan najasa ta jirkita ɗaya daga ciki, to, bai halatta a yi alwala da shi ba, balle a sha. Ruwan Salanta duka ukun sun jirkita. Yaro ɗan shekara goma a makarantar allo ya isa ya yanke masa hukunci, ba sai an kai shi ɗakin gwaji ba. Ga shi kuma a ƙasa da mahaɗar waɗannan rafuka ne matatar ruwa ta Tamburawa take, wadda sabon sashenta aka gina shi don tace lita miliyan 150 a kowace rana. Ta gaji aikin da aka faro a Challawa tun farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, lokacin da aka fara tura ruwan famfo zuwa tankin Goron Dutse. Ma'aikatan ruwa suna iya ƙoƙarinsu, amma gwargwadon ƙazantar abin da ya shigo musu, gwargwadon tsadar alif da maganin da za su zuba. Mutanen ƙauyukan da ke ɗiba kai tsaye daga kogi, daga nan har Wudil, su ba su da wata matata sai wadda Allah Ya yi musu.

Wannan matata da Allah Ya yi ita ce fadama. Idan ruwa ya fito daga kwata yana gudu, sai ya shiga fili mai faɗi mai ciyawa, gudunsa ya mutu, laka da dattin da yake ɗauke da su su kwanta, saiwoyin ciyayi da ƙananan halittun da ke cikin taɓo su cinye abin da yake ruɓewa, rana ta kashe da yawa daga ƙwayoyin cuta, abin da ya saura ya tsiyaya a hankali cikin yashi ya cika rijiyoyin da ke kewaye. Da damina kuma ita ce take karɓar ambaliya ta riƙe ta kwana da kwanaki, maimakon ta sako ta gaba ɗaya a dare guda. Aikinta tamkar na ƙyallen da iyayenmu mata suke tace ƙullun koko da shi ne: yana raba gasara da dusa muddin ana wanke shi, amma idan aka zuba masa kwalta ya tashi daga aiki. Ina jaddada wannan ne domin kada wani ya fita daga nan yana cewa ai fadama za ta shanye dafin masana'antu, don haka a ci gaba da zubawa. Ruwan wanka da na wanke-wanke tana iyawa da shi gwargwado. Ƙarfe kuwa sai dai ta tara shi a cikinta, ta miƙa wa ganye, ganye ya miƙa wa mutum.

Ba kuma dausayin kaɗai nake nufi da hurumi ba, har da tudun da yake bin gefensa, inda gamba da kyasuwa da harkiya suke fitowa, da jema wadda saiwarta take nutsawa ƙasa ta ɗaure gaɓa kada ta zube. Daga nan ake yankan abin saƙa zana, a nan shanun Fulani da awakin gari suke samun abin kalaci idan rani ya tsananta, ta nan burtali yake bi ya kai dabbobi mashaya. Ranar da aka toshe burtali da katanga, ranar aka shuka rigimar manomi da makiyayi. Akwai giyayya da kanya da giginya jefi-jefi. Akwai zalɓe da balbela da kirinjijiya, da shamuwa wadda zuwanta ne yake gaya wa manomi ya gyara garmarsa. Akwai gaiwa, wadda idan ruwa ya janye takan nutse cikin taɓo ta naɗe kanta ta kwanta watanni, ƙasa ta bushe ta tsage a kanta, ba ci ba sha, har ruwan fari ya sauka ya tashe ta. Halittar da ta jure wa fari tun kafin a san Dala, tifar ƙasa ɗaya ta ishe ta. Su ma masu ɗibar yashi, da suke kwasar cikin kogi dare da rana don ginin birni, suna zurfafa kwarinsa, idan kuwa kwarin kogi ya zurfafa sai ruwan rijiyoyin fadama ya bi shi ƙasa. Ita kanta gadar Tamburawa sai da ƙafafunta suka zaizaye har aka yi mata gyaran gaggawa.

Idan muna neman izina, ba sai mun je nesa ba, mu bi ruwan nan namu mu ga inda ya nufa. Challawa da Kogin Kano suna haɗuwa su zama kogin da ya wuce Wudil da Ringim ya isa Haɗeja, inda yake bazuwa tsakanin tuddan rairayi ya zama dausayin Haɗeja da Nguru, ya gamu da na Jama'are, ya wuce Gashuwa da sunan Yobe ya nufi Tafkin Chadi. A 1974 aka kammala dam ɗin Tiga, aikin marigayi Audu Bako, a 1992 kuma na Challawa da ke ƙasar Ƙaraye. Alherinsu a bayyane yake ga duk wanda ya ga shinkafar Kura da tumatirin Kadawa, kuma da ruwansu muke sha da rani. Amma ambaliyar shekara-shekara da mutanen ƙasan kogi suke noman shinkafa da kamun kifi da kiwo da ita ta ragu ƙwarai, ruwan da ake saki ba yankewa kuma ya ba ciyawar kacalla dama ta toshe hanyoyin ruwa, ta zama mafakar tsuntsayen jan-baki masu cinye hatsi. A farkon shekarun 1990 wasu masana tattalin arziki, cikinsu har da Edward Barbier, suka auna amfanin da ake samu daga kowane ma'auni na ruwa idan an bar shi ya malala a wannan dausayi, da wanda ake samu idan an tare shi don noman rani a sama, sai suka tarar na dausayin ya rinjaya da nisa. Abin da ya sa ba a gan shi ba tun farko shi ne arzikin fadama a warwatse yake, kifi a hannun wannan, itace a kan wancan, nono a ƙwaryar waccan, babu ofishin da yake tara lissafinsa. Daga baya duniya ta farga: a ƙarƙashin yarjejeniyar kare dausayi da aka ƙulla a garin Ramsar na ƙasar Iran a 1971, an sanya tafkin Nguru da mashigin Marma, hekta 58,100, cikin jerin wurare masu muhimmanci a shekarar 2000, Baturiya da Dagona suka biyo baya a 2008. Mu da muke saman kogi, duk abin da muka zuba, su yake isa wa. Haƙƙin maƙwabtaka bai tsaya a kan wanda kuka haɗa katanga da shi ba.

Wataƙila wani zai ce wannan tunani baƙo ne, Turawa suka zo da shi. Ina roƙon mai wannan zato ya koma littattafan da ke cikin zauren malaminsa. Hadisi ya tabbatar da tarayyar mutane a cikin ruwa da makiyaya da wuta. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe wurin da ake kira Naƙi'u a yankin Madina don dawakin Musulmi, Sayyidina Umar kuma ya keɓe Rabaza don dabbobin baitulmali. Fuƙaha'unmu na Malikiyya, a babin raya matacciyar ƙasa, sun bayyana cewa gari yana da harami, wato filin da mutanensa suke kiwo da yin itace, rijiya ma tana da nata, kuma babu mai ikon mallake waɗannan shi kaɗai ta hanyar da za ta cutar da jama'a. Imam Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, wanda kuma ya aiko wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha, ya wallafa risala sukutum a kan hana fitar da gini zuwa gaɓar kogi, saboda abin da ya gani ana yi a bakin Nilu. A nan gida, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Ta'alimur Radi a kan hanyoyin da ake mallakar ƙasa da waɗanda ba a mallakarta da su. Kakanninmu kuwa sun san hurumin gari a aikace, sun san ba a nomansa ba a sayar da shi. Mas'alar tamu ce tun asali, sakaci ne ya sa muka bar ta a cikin gafaka.

Akwai wani abu a cikin ƙissar Sayyidina Umar, wadda Imam Malik ya kawo a ƙarshen Muwaɗɗa, da nake so mahukunta su riƙe da kyau. Da ya naɗa mai tsaron wurin da ya keɓe, sai ya umarce shi da ya sassauta wa mutane, ya bar mai 'yan raƙuma kaɗan da mai 'yan tumaki kaɗan su shiga, amma ya tsare dukiyar manyan mawadata irin su Ibn Auf da Ibn Affan, domin su idan dabbobinsu suka halaka suna da gonaki da dabino, shi kuwa talaka sai ya kwaso iyalinsa ya zo ƙofar shugaba. Hurumin da nake kira a yi ke nan. Mai lambu ya ci gaba da lambunsa, masunci da homarsa, mai yankan gamba da laujensa, makiyayi da sandarsa. Wanda za a dakatar shi ne mai zuwa da takardar fuloti da tifa hamsin, da mai sakin bututu cikin dare. Idan aka juya al'amarin, aka kori talaka aka bar mai ƙarfi, to, zalunci aka yi da sunan gyara, kuma ba zai ɗore ba.

Shin birni mai cunkoso yana iya barin fili haka? Legas ta fi mu matsi, ƙasarta ta fi tamu tsada, amma a 1990 Gidauniyar Kare Muhalli ta Nijeriya, wadda Cif S. L. Edu ya assasa a 1980, ta killace hekta 78 a zirin Lekki, kusa da gaɓar teku, rabi kurmin fadama rabi filin ciyawa. A lokacin kewayen wurin daji ne, kuma babu shakka akwai masu ganin an yi aikin banza. Yau rukunin gidaje da manyan tituna sun zagaye shi ta kowace fuska, shi kaɗai ya rage kore, da birai da kadoji da tsuntsayensa, 'yan makaranta suna zuwa ayari-ayari, baƙi suna biyan kuɗi su hau gadar igiya mai tsawon mita 401 da aka ɗaura a saman itatuwa. Da an jinkirta shekara goma, da kuɗin sayen wurin ya gagara. A Indiya kuma, gabashin birnin Kalkata, akwai dausayi mai hekta 12,500 wanda ruwan kwatamin birnin yake bi ta cikinsa, a tafkunan da ake kiwon kifi, ya fito da sauƙin datti. Amma su ma da majemunsu suka dame su, sai da Kotun Ƙoli ta ƙasar ta yi hukunci a 1996 cewa a tashe su zuwa wuri guda inda za a haɗa musu matatar dagwalo. Kalkata ta yi kama da mu ƙwarai, garin fata ne mai fadama a bayansa, kuma ta gane cewa sai an raba ruwan jima da ruwan gari.

Na san abin da yake ran wasu daga cikinku, kuma magana ce mai nauyi. Mutum ya gaji gona a bakin rafi, 'ya'yansa sun girma suna neman ɗakin aure, dillali ya zo da kuɗin da bai taɓa riƙewa ba. Da wane baki za a ce masa kada ya sayar? Wani kuma ya shekara ashirin yana haya, fulotin fadama ne kaɗai ya yi daidai da aljihunsa. Ba na ɗora wa ɗayansu laifi. Sai dai arahar fulotin fadama bashi ce, damina ce take zuwa karɓa: gini ya riƙa tsotsar danshi, masai ya cika ya haɗu da rijiya, katanga ta faɗa wa yara cikin dare. Wanda ya ga abin da ya sami Maiduguri a watan Satumba na 2024, da dam ɗin Alau ya ɓalle, ya san ruwa ba ya mantuwa da hanyarsa. Adalci shi ne hukuma ta biya mai gona diyya ta gaskiya a kan haƙƙin gini da aka hana shi, ta bar masa haƙƙin noma, ta kuma buɗe sababbin unguwanni a kan tudu, da hanya da magudana, a farashin da mai ƙaramin ƙarfi zai iya.

Dokoki kuwa ba su ne suka yi mana ƙaranci ba. Dokar ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen jiha amana a hannun Gwamna, ta ba shi ikon keɓe wuri don maslahar jama'a. Dokar 1992 ta wajabta a auna illar kowane babban aiki ga muhalli kafin a fara shi. An kafa hukumar kula da muhalli ta NESREA a 2007, a 2009 kuma aka fitar da ƙa'idoji na musamman a kan dausayi da gaɓar koguna, da wasu a kan masaƙu da majemu. Abin da ya rage shi ne aiki da su, da kuma jeranta shi yadda ya kamata. Dafi za a fara tsayarwa, domin killace fadamar da ake ci gaba da shayar da ita guba wahalar banza ce. Ƙaramin kamfani ba ya iya gina matata shi kaɗai, amma kamfanonin Sharaɗa idan suka haɗa kai suna iyawa, haka na Challawa, haka na Bompai, kowa ya biya gwargwadon abin da yake fitarwa. Kuromiyam ɗin da ake zubarwa ma ana iya tsamo shi a sake jima da shi, hasara ta koma riba. Ina kira ga masu masana'antu, waɗanda da yawansu mutanen kirki ne masu gina masallatai da ciyar da marayu, su ɗauki wannan a matsayin wani ɓangare na tsarkake dukiyarsu.

Iyayenmu masu unguwanni, babu cinikin fili da yake ƙulluwa a ƙasar nan ba da saninku ba. Idan aka kawo muku takardar fulotin da kuka san ruwa yana kwana a cikinsa, ina roƙonku ku janye hannunku. Limamanmu na Juma'a, huɗuba ɗaya a kan haramin kogi za ta isa inda takardar gwamnati ba ta isa. Wakilanmu a Majalisar Dokokin Jiha, muna son doka mai ambaton Tatsawarki da Salanta da gaɓar Challawa da sunayensu, da taswira a jikinta wadda hukumar tsara birni ba za ta ba da izinin gini a cikinta ba. Shata iyakar kuwa ba ta bukatar a ɗauko masani daga ƙasar waje. A watan Agusta mai zuwa, idan Allah Ya kai mu, ruwa zai cika ya nuna iyakarsa da kansa; a wannan mako nake roƙon mai girma Hakimi ya fita da dagatansa, da ma'auna na gwamnati, da masu lambu da makiyaya, da ɗaliban makarantunmu, a bi bakin ruwan daga bayan Na'ibawa har gadar Tamburawa ana kafa turaku, a rubuta sunan kowane mai gona da ke ciki domin a san wanda za a biya.

Allah Ya ba shugabanninmu ikon tsare wannan amana, Ya ba mu damina mai albarka.